Sarkin Musulmi Muhammadu Bello: Rayuwarsa da Hidimarsa ga Ilmin Ido

Tambaya

Wane ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello? Shin gaskiya ne ya rubuta littafi a kan maganin ido? Kuma ina matsayin bayanin likitocin yau game da yadda ido yake karɓar haske idan aka ajiye shi kusa da abin da malamanmu suka bari?

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, ki sani, ya ke 'yar'uwa, gaskiya ne Muhammadu Bello, Allah Ya yi masa rahama, ya rubuta littafi a kan maganin ido. Mutane da yawa sun san shi a matsayin jarumin yaƙi, wanda ya gina birnin Sakkwato, kuma magajin Shehu. Kaɗan ne suka san cewa yana cikin waɗanda suka fi yawan rubutu a kan likitanci a ƙasar Hausa a zamaninsa. Za mu kawo maka rayuwarsa a taƙaice, mu tsaya a kan wannan fanni, sannan mu bi tarihin ilmin ido har zuwa abin da aka sani a yau.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Muhammadu Bello a shekarar 1195 bayan hijira, wadda ta yi daidai da 1781. Mahaifinsa shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, mahaifiyarsa kuma Hauwa'u, wadda aka fi sani da Inna Garka. Ya tashi a Degel, cikin ƙasar Gobir, a gidan da karatu shi ne sana'ar maza da mata. Nana Asma'u ƙanwarsa ce, Malam Abdullahi na Gwandu kuma ƙanin mahaifinsa ne.

Ya yi karatu a wurin mahaifinsa, da Malam Abdullahi, da yayansa Muhammadu Sa'adu, da wasu malaman jama'ar Shehu. Ya ƙoshi da Larabci da nahawu da tafsiri da hadisi da fiƙihun mazhabar Malikiyya da tasawwufi. Bai tsaya a nan ba, ya bi littattafan tarihi da lissafi da taurari da magani gwargwadon abin da ya shigo hannunsa. Wannan ƙishirwar karatu ba ta rabu da shi ba har ya bar duniya, ko a sansanin yaƙi ko a fada.

Hijira da jihadi

A watan Fabrairun 1804 Shehu da jama'arsa suka yi hijira daga Degel zuwa Gudu, bayan zama ya gagara tsakaninsu da Sarkin Gobir Yunfa. Bello yana ɗan shekara 23 a lokacin. Ya halarci yaƙin Tabkin Kwatto a watan Yunin wannan shekarar, inda Allah Ya ba jama'ar Shehu nasara. Ya kuma sha ɗacin shekarun da suka biyo baya, da yunwa da ciwo da rashin manyan malamai da mahardata a Tsuntsuwa da Alwasa. A 1808 shi ya jagoranci rundunar da ta ci Alƙalawa, babban birnin Gobir.

A 1809 ya fara gina Sakkwato ya kewaye ta da ganuwa. Da Shehu ya raba ɗawainiyar gudanar da ƙasa, ya ba Malam Abdullahi yamma, ya ba Bello gabas. A 1812 ya kammala Infaƙul Maisuri, littafin da har yau duk mai son sanin tarihin jihadin da na ƙasashen Tukururu sai ya koma gare shi. A cikinsa ne ya kawo wasiƙun muhawarar da aka yi tsakanin Sakkwato da Shehu Muhammadul Aminu Alkanemi na Barno.

Sarautarsa

Shehu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilun 1817, aka yi wa Bello mubaya'a. Bai sami sarautar a kan shimfiɗa mai laushi ba. Malam Abdussalami ya yi tawaye a Kware, wasu ƙasashe suka juya baya, kuma akwai ɗan sanyi tsakaninsa da Malam Abdullahi, har Allah Ya haɗa kansu a yaƙin Kalambaina. Shekara 20 ya yi yana riƙe da ragamar al'umma.

A cikin waɗannan shekaru ya kafa garuruwan ribaɗi a kan iyakoki, ya zaunar da makiyaya, ya ƙarfafa noma da sana'a da karatu. Wurno ce ribaɗin da ya zaɓa wa kansa. Marubutan tarihi sun ambaci cewa yana ci daga guminsa, yana kame hannunsa daga baitulmali. Ya rubuta littattafai da risaloli fiye da 100.

Akwai ɗaya daga cikinsu da ya kamata ka riƙe, domin shi ne mabuɗin fahimtar sauran bayanin. Sunansa Usulus Siyasa, ya rubuta shi ne domin Sarkin Katsina Ummarun Dallaje. A ciki ya bayyana cewa wajibin shugaba ne ya samar wa jama'a masu sana'o'in da rayuwa ba ta tsayuwa sai da su, ya watsa su a garuruwa da ƙauyuka. Da ya zo lissafa su, ya sa masu magani a jere ɗaya da manoma da maƙera da maɗinka da marina. Ka ga ke nan lafiyar jikin talaka, a wurinsa, tana cikin amanar da za a tambayi shugaba a kanta ranar gobe.

Rubuce-rubucensa a kan magani

Gidan Shehu bai raba gyaran addini da gyaran jiki ba. Malam Abdullahi ya rubuta Masalihul Insan, a kan abin da ke gyara addinin mutum da jikinsa. Bello kuwa ya faɗaɗa fannin. Yana da Almawaridun Nabawiyya a kan mas'alolin magani, da Ujalatur Rakib, da Talkhisul Maƙasid. Yana da risala a kan basur, da wata a kan tsutsar ciki, da wata a kan amfani da filasko wajen wanke ciki. Sai kuma littafin da aka yi tambaya a kansa, Masugul Lujaini, wanda ya keɓe shi ga maganin ido. Ma'anar sunan ita ce ƙerarriyar azurfa.

Dubi jerin nan da kyau. Basur, tsutsar ciki, ciwon ido: cututtukan da suke damun manomi da makiyayi da ɗan makaranta ne. Sarki ne mai yaƙi a gabansa da shari'a a bayansa, amma ya sami lokacin zama ya tattaro abin da ya zo a littattafan maganin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da na likitocin da suka gabata, ya taƙaita shi yadda malami a gari zai iya karantawa ya taimaki jama'arsa.

Ba abin mamaki ba ne ido ya sami littafi nasa na kansa. Ƙasar Sakkwato ƙasa ce mai ƙura da zafin rana da hazo a lokacin hunturu. Al'ummar da Shehu ya gina kuma al'ummar littafi ce, ana kwafe shi da hannu, ana karanta shi da dare a hasken wutar kara ko fitilar mai. Malamin da idonsa ya tafi, makaranta guda ce ta raunana.

Baƙo daga Ingila

A watan Maris na 1824 wani Bature ɗan ƙasar Birtaniya, Hugh Clapperton, ya iso Sakkwato. Ya rubuta a littafin tafiyarsa yadda Bello ya riƙa yi masa tambayoyi a kan addini da ƙasashe da taurari, da yadda ya duba kayan awon sama da ya zo da su. Da zai koma, Bello ya ba shi wasiƙa zuwa ga Sarkin Ingila Joji na huɗu. Cikin abubuwan da ya nema har da a aiko masa da likita ya zauna a ƙasarsa.

Clapperton ya dawo a 1826, amma likitocin da suka taso tare da shi ba su iso Sakkwato ba. Ya kawo wa Bello littattafai da Larabci, cikinsu da littafin lissafi na Iƙlidis, masanin Girka. Bello ya gaya masa cewa gidansu ya taɓa mallakar kwafin littafin, wanda aka samo daga Makka, gobara ce ta cinye shi. Daga baya baƙon ya shiga wurinsa ya tarar da shi zaune yana nazarin littafin. Clapperton ya rasu kusa da Sakkwato a watan Afrilun 1827.

Ka lura da wannan. Mutumin da ya rubuta littattafan magani da hannunsa shi ne ya nemi likita daga ƙasar da ba ta Musulmi ba. Bai ga cin karo tsakanin abubuwan biyu ba, domin ya san ilmin jiki abu ne da ake ƙara shi zamani bayan zamani, kuma duk inda mai amfaninsa yake Musulmi ya cancanci ya neme shi.

Ilmin ido kafin Bello da bayansa

Musulmi sun daɗe a wannan fage. Iƙlidis ɗin nan da wasu masanan Girka suna ganin cewa wani haske ne yake fita daga ido ya taɓa abu, sai a gan shi. Alhasan ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen 965 ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya tabbatar da gwaji a littafinsa Kitabul Manazir cewa haske ne yake tasowa daga abin da ake kallo ya shiga ido. A Bagadaza, Hunainu ibn Ishaƙ, likita Kirista da ya rasu a 873, ya rubuta maƙaloli goma a kan ido, Aliyu ibn Isa kuma ya rubuta Tazkiratul Kahhalin. Ammar ɗan Mausil ya ƙirƙiro allura mai rami domin zuƙe yanar ido.

Waɗannan likitoci sun san akwai wani siririn tantani da ya lulluɓe bangon ido ta ciki daga baya. Sun kira shi shabakiyya saboda kamarsa da raga, shi ne likitocin yau suke ce wa retina. Sai dai yawancinsu sun ɗauka cewa madubin nan mai haske da ke cikin ido shi ne gurbin gani. A 1604 Johannes Kepler, masani Bajamushe da ya gina bincikensa a kan abin da Ibnul Haisam ya bari, ya nuna cewa aikin madubin shi ne tattara haske, hoton kuwa a kan tantanin baya yake sauka, kuma a kife. Yadda tantanin yake jin hasken kuwa sai bayan rasuwar Bello aka gano shi.

Yadda tantanin bayan ido yake karɓar haske

Haske yana shiga ta farfajiyar ido mai sheƙi, ya wuce ta baƙar ƙofar da ke tsakiya, madubi ya tattara shi a kan tantanin. A jikin tantanin Allah Ya halicci ƙwayoyi iri biyu masu jin haske. Na farko sirara ne kamar tsinke, sun haura miliyan 90 a kowane ido, su ne masu aikin dare. Mafi ƙanƙantar haske yana motsa su, amma ba sa bambance launi kuma ba sa fitar da abu dalla-dalla. Na biyu masu tsini ne, kimanin miliyan 5, su ne masu aikin rana. Kashi uku ne, kowane kashi da zangon launin da ya fi ji, kuma daga haɗuwar saƙonsu kake ganin dukkan launuka. A 1866 ne Max Schultze ya bayyana wannan rabon aiki.

A cikin masu aikin dare akwai wani sinadari mai suna rodofsin, wanda Franz Boll ya lura a 1876 cewa launinsa yana koɗewa idan haske ya taɓa shi. Da haske ya faɗa masa sai siffarsa ta sauya, wannan sauyi ya zama saƙo irin na lantarki, ya bi ta wasu ƙwayoyin da ke tace shi, ya shiga jijiyar gani mai zare kimanin miliyan ɗaya, ya isa bayan ƙwaƙwalwa. A can ake haɗa saƙon ya zama fuskar mahaifiyarka ko baƙin Alƙur'ani. George Wald ya tabbatar da cewa daga bitamin A jiki yake gina wannan sinadari, aka ba shi kyautar Nobel a 1967.

Yanzu gwada da abin da ka sani. Ka taso daga Sama Road da azahar, rana tana dukan kwalta, ka shiga zaure ko ɗakin da aka ɗauke wuta. Da farko ba ka ganin komai, har kana laluben bango. Ƙofar idonka tana buɗewa nan take, daga kamar milimita 2 zuwa kamar 8, amma wannan kaɗan ne daga cikin aikin. Hasken rana ya riga ya koɗar da rodofsin ɗinka, dole sai jiki ya sake gina shi. Masu aikin rana suna gama daidaitawa cikin kamar minti 10, masu aikin dare kuwa suna ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin su kai cikar ƙarfinsu. A lokacin idonka ya ninka jin haskensa sau dubbai. Idan ka sake fita rana sai ido ya yi maka wal, ka runtse, amma cikin ɗan lokaci kaɗan ya daidaita, domin koɗewa ta fi ginawa sauri.

Wannan yana fayyace maka abubuwan da kake karantawa a fiƙihu. Ya tabbata a Bukhari da Muslim daga Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, cewa mata muminai suna halartar sallar asuba tare da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, su koma gida ba mai gane su saboda sauran duhu. A irin wannan lokaci masu aikin dare ne suke aiki, suna nuna maka mutum na tafe, ba sa nuna maka ko wane ne. Haka nan wanda yake son ya ga ketowar alfijir, wanda aya ta 187 a Suratul Baƙara ta kwatanta da bayyanar farin zare daga baƙi, zai fi ganinsa idan ya nisanci fitila da hasken waya na ɗan lokaci. Tsakiyar tantanin kuma masu aikin rana ne kaɗai a wurin, shi ya sa tauraro mai rauni yake ɓacewa idan ka kafa masa ido, ya bayyana idan ka ɗan kalli gefensa.

Rasuwarsa

Bello bai huta ba har ƙarshe. A 1836 ya jagoranci yaƙin Gawakuke, inda ya yi nasara a kan haɗin gwiwar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da wasu Abzinawa. Ya rasu a Wurno a watan Rajab na 1253, wato Oktoban 1837, kuma a can kabarinsa yake. Ɗan'uwansa Abubakar Atiku ya gaje shi. Nana Asma'u ta yi masa marsiyya, mijinta Waziri Giɗaɗo ɗan Laima kuma ya rubuta littafi a kan halayensa. Allah Ya jiƙansa, Ya saka masa da alheri.

Abin da ya rage a kanka

Allah Ya ambaci ji da gani da zukata a aya ta 78 ta Suratun Nahli a matsayin ni'imomin da Yake son a gode maSa a kansu, Ya kuma sanar da mu a aya ta 36 ta Suratul Isra'i cewa za a yi tambaya a kansu. Godiyar ido ta haɗa da runtse shi daga haram, ta haɗa da kiyaye lafiyarsa. Ya tabbata a Bukhari cewa Allah bai saukar da cuta ba face Ya saukar da maganinta. Neman magani ba ya warware tawakkali.

Idan yaronka yana tuntuɓe da magariba ta yi, ko mai juna biyu ta daina gani da dare, wannan shi ne dundumi. Sau da yawa ƙarancin bitamin A ne ya hana ido gina rodofsin. Likitocin da can suna maganinsa da hanta, yau an san dalili, domin hanta ce rumbun wannan bitamin. Ana samunsa kuma a ƙwai da manja da karas da mangwaro da gwanda da ganyen zogale, kuma ana ɗiga wa yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5 shi a asibitoci. Sai dai wani dundumin na gado ne ko alamar wata cuta, don haka a kai wa likita ya duba, mai juna biyu kuma kada ta sha ƙwayar bitamin A sai da izininsa.

Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na makanta a tsakanin 'yan shekara 40 zuwa sama ana iya kauce mata ko a magance ta, kuma yanar ido ce kan gaba. Yana tana rufe madubi ne, tantanin baya sau da yawa lafiyarsa lau, shi ya sa aikin asibiti yake dawo da gani da izinin Allah. Masu yawo gari-gari suna ture yana da tsinke kuwa suna jawo makantar da ba ta da gyara. Kada wani ya ruɗe ka da cewa wannan shi ne maganin magabata. Sarkin Musulmin da ya rubuta littafin ido ya nemi likita tun daga Ingila, kai kuwa ga sashen ido a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a cikin garinka, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna.

Mai ciwon suga ya riƙa kai idonsa a duba ko da yana gani sarai, domin cutar tana lalata jijiyoyin jinin tantanin a ɓoye. Haka hawan jinin ido yake cin jijiyar gani ba tare da zafi ba, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Kada ka kalli rana kai tsaye, ko a lokacin kusufi, domin tana ƙona tsakiyar tantanin. Hadisai sun yabi kwallin ismid, amma an sami dalma a cikin kwalli da yawa da ake sayarwa a kasuwa, ita kuwa guba ce, musamman ga jarirai, sai a yi hattara.

Wanda kuma Allah Ya jarrabe shi da rashin gani bayan ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya yi bushara. Ya tabbata a hadisi ƙudusi a Bukhari cewa sakamakon wanda aka karɓi idanunsa biyu ya yi haƙuri shi ne Aljanna. Abdullahi ibn Ummi Maktum makaho ne, kuma ladanin Manzon Allah ne. Haƙƙinsa a kanmu shi ne girmamawa da taimako.

Muna roƙon Allah Ya jiyar da mu daɗin jinmu da ganinmu da ƙarfinmu muddin muna raye, Ya gafarta wa Shehu da Malam Abdullahi da Muhammadu Bello da sauran malamanmu.

Allah ne Mafi sani.